Zuwa ga Auwalu, daga bakin kogin Atbara

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen Gwammaja. Na san laifina, ba sai ka karanto mini ba. Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu. Saƙonka na Babbar Salla na gan shi, na ce bari in sami natsuwa in amsa maka da kyau, ita natsuwar har yau tana hanya. Yanzu ma wata alfarma ce ta taso ni, ka san ruwa ba ya tsami banza. Amma bari ka fara jin inda nake.

Ba na Sinnar. Ina wani ƙauye gaba da Shuwak, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, yau kwanana 23. Malamin firamare ne ni. Ustaz Haruna, in ka yarda. Yi dariyarka ka gama, ni da na rantse maka a ɗakinmu na Jami'ar Ifriƙiya cewa digirin tarbiyya kawai zan karɓa in tafi kasuwa, alli ba zai taɓa ɓata mini jallabiya ba. To ga ta nan, har aljihu fari ne.

Bayan ƙaramar Salla ɗan Baffa Isa ya turo mini sanarwar. Wata ƙungiya ce take ɗaukar waɗanda suka gama jami'a, ta horar da su mako uku, ta rarraba su makarantun karkara na shekara guda, da ɗan abin sabulu duk wata ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ba albashi ba ne, kada ka fara lissafa mini sadaki. Fom ɗin ta intanet ake cikawa, sai da na yi kwana uku ina zarya wurin mai Starlink na kasuwa, ana biya da awa, mutum goma sha a tsugune a rana kowa da wayarsa. Na cike komai, sai na zo wurin da aka ce a sa hoton takardar shaida. Gabana ya faɗi. Takardata tana cikin akwatin da na bari a Khartum tun ranar da yaƙi ya fito da mu a watan Afrilun 2023, kai ka nufi motocin da suka kwashe ku zuwa iyakar Masar, ni na nufi kudu da riga ɗaya. Na zauna na yi tagumi. Can sai na tuna ranar da muka karɓo takardun muka zauna wurin mai shayin nan ta gindin darbejiya, ka jera su a kan benci ka ɗauka. Na yi ta jan tsohuwar hirarmu sama, na wuce bashin da kake bina, na wuce hotunan Sani, har na same shi. Babban yatsanka ya rufe rabin hatimin! Haka na tura. Don haka in aikin nan da lada kana da kashi, in kuma an kore ni wata rana, yatsanka ne.

Ganawar a Gadarif aka yi. Na bi ta Madani, tunda hanyar ta buɗe bayan sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025. Ba zan ba ka labarin abin da na gani a gefen titi ba, ka bar shi. Makarantar da aka tara mu rabin azuzuwanta har lokacin 'yan gudun hijira ne a ciki, shanyar kaya a tagogi, wata tsohuwa tana gasa kisra a bakin ofis. Mutum uku ne suka zauna mana. Aka ba ni minti goma in koyar da ɗebewa kamar ga 'yan aji biyu, na yi da 'ya'yan dabino, na ci biyu a gabansu don lissafin ya fito. Ɗaya ya yi murmushi, ɗaya bai ɗago ba. Sai macen cikinsu ta dube ni ta ce, ban da Larabci, wane harshe nake ji.

Auwalu, a nan ne maganar take. Ba ta ce "ruɗana" ba. Ka san kalmar, kai ma an jefe ka da ita a motar haya. Duk abin da ba Larabci ba a nan ruɗana ne, wato gwalangwalan. Ita "luga" ta ce, harshe. Duk da haka sai da na yi jim. Ni da aka taɓa tsayar da ni a rana a aji uku saboda na ce wa ƙanena "zo mu tafi" a filin makaranta, ni da na yi wata biyu a ɗaki ɗaya da kai ina nuna ban san me kake cewa ba, har ranar layin burodi da ka zunduma wa mutumin nan ashar da Kananci dariya ta ƙwace mini. Ka tuna yadda ka juyo ka ce, "Au, dama munafuki ne?" To wannan munafukin ne ya buɗe baki ya ce Hausa. Ta rubuta wani abu, ta ce suna da ƙauyuka a bakin kogunan Atbara da Rahad da yara ke shiga aji ɗaya ba su da Larabcin kirki, malamai kuma ba su daɗewa. Abin da na yi shekara ashirin ina ɓoyewa a ƙarƙashin harshe, shi ya ba ni aikin, ba digirin ba. Na fito na sayi jabana, wato gahawa, na zauna, na rasa murna zan yi ko haushi zan ji. Har yau ban gama yanke hukunci ba.

Inna fa ba ta so ba. Ka san abin da muka sha a 2024 lokacin da 'yan RSF masu yaƙi da sojoji suka karɓe Sinja da Jabal Moya, hanyoyi suka toshe, Sinnar ta koma kamar tulu an rufe baki. Tun daga nan ko kasuwa na daɗe sai ta aiko yaro. Na ce mata shekara ɗaya ce rak. Ta ce, "Kakanka ma da ya taso daga Haɗeja zai je Makka, cewa ya yi zai tsaya shekara ɗaya ya tsinci auduga a Jazira ya sami guzuri. Je ka duba kabarinsa yana ina." Wallahi ban sami amsa ba. Baffa kuma nasa ra'ayin daban, wai saurayi kamata ya nufi haƙar zinariya a arewa ko ya nemi bizar Saudiyya, ba ya je ƙauye yana rera alifun ba'un ba. Maganar aurena da Zainab an ɗaga sai bayan damina mai zuwa. Babanta bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi damuna da a ce ya yi faɗa.

Af, kai ina taka maganar ta kwana? An ce mini har an kai goro. Wa ya faɗa mini? Ba ruwanka. Allah ya sa dai ta iya miyar kuɓewa busasshiya, don in rama abin da ka yi wa waikar Inna, ka ci loma biyu ka ce wai kana azumin nafila bayan la'asar.

Tahowa nan kuwa gani ya kori ji. Daga kwalta muka sauka muka hau lori, ni da akwatin ƙarfe da katifa da buhun dawa na wani. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafa ta shige, da damina ta riƙe taya kamar ƙaro. Ruwan ƙarshe ya sauka daren da ya wuce, muka kafe sau biyu, na biyun sai tarakta ce ta jawo mu. Na iso da takalmi a hannu, wando a naɗe, yara suna biye da ni. Haka sabon ustaz ya shigo gari. An ba ni ɗakin ciyawa mai zagaye irin na nan, guɗɗiya suke cewa, da angarib ɗaya, wato gadon igiya, da randa. Gargaɗin farko da aka yi mini kada in yi shimfiɗa a gindin aduwa da magariba, kuma kada in kwana ba gidan sauro, saboda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai kawo kala'azar, zazzaɓin da ke kumbura saifa. Cutar ta daɗe a wannan yanki. Kai da ka cika mini kunne da wahalar sansanin bautar ƙasa, mako uku na fareti da farin gajeren wando, ka zo ka kwana biyu a nan mu gani.

Washegari aka kai ni gaida mai gari. Tsoho ne tukuf, yana kan buzu. Na fara gaisuwa da Larabci kamar yadda na saba, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaro, ku 'yan ina ne?" Na ce Sinnar. Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Na ce Haɗeja. Sai ya gyara zama. Ya ce su nasu sun biyo sawun jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne, waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, aka zauna Maiurno tukuna kafin kakansa ya matso nan saboda kifi da noman bakin kogi. Ya kawo mini sunayen garuruwan hanya ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi, alhali bai taɓa taka ko ɗaya ba. Hausarsa irin wadda kake mini dariya ce, ta kakanni, har ta fi tawa tsufa. Da ka ji shi da ka nemi takarda.

Ajina yara 71 ne a rajista. Akwai 'yar shekara bakwai, akwai mai sha biyu da muryarsa ta fara buɗewa, duk a benci ɗaya, don yaƙi ya cinye musu shekarun da za su shiga. Da ana cewa yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, lamba ce kawai nake ji a rediyo. Yanzu na san ƙafafunsu. Wannan makon ma rabinsu ba sa nan, ana yankan riɗi, shi kuma riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye sai ya zube ƙasa. Ba uban da zan iya cewa ya bar amfanin shekara saboda harafin jimun.

Akwai wata yarinya, Hauwa, tana zama can ƙarshe jikin bango. Kwana huɗu ina tambayarta sunanta da Larabci, sai ta sa bakin mayafi a baki ta sunkuya. An ce mini wai ba ta da ƙwaƙwalwa. Rana ta biyar na gaji, na tsuguna na ce, "Ke, wa ya yi miki wannan kitso mai kyau?" Ajin ya yi tsit, sannan ya fashe. Wani ya miƙe a kan benci yana ihu, "Ustaz namu ne! Ustaz namu ne!" Ita kuwa ta cire mayafin ta ce yayarta ce, kuma akuyarsu ta haifi uku, ɗaya ya mutu, saura biyu. Ka ji ɗebewar da na sha wahala da dabino a Gadarif. Na fita waje kamar zan sha ruwa, don kada su ga idona.

Sai dai shugaban makarantar bai ji daɗi ba. Dattijo ne na kirki, irin tsofaffin malaman da ke alfahari da tarbiyyar Bakhtar Ruda, makarantar horon malamai da aka kafa kusa da Duwaim tun 1934, rigarsa kullum a goge ko da gawayi ne. Ya kira ni ya zuba mini shayi ya ce jarrabawa da Larabci ake yin ta, daga ta firamare har shahadar Sudan ta gama sakandare, in na saba musu da Hausa a aji ni zan tafi bayan shekara, su za su zauna da faɗuwa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ke hana ni barci ke nan. Ni dai abin da na gani, yaron da ya gane abu da harshen uwarsa, in ka ba shi kalmar Larabcin yana cafkewa. Yanzu rabi da rabi nake yi, in ya gifta ta taga in ƙara Larabcin. Munafuncin dai bai sake ni ba, juyawa kawai ya yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne rubutu. Yaran nan kusan duk suna zuwa makarantar allo da asuba, da warash suke karatu, ba Duri irin na sauran Sudan ba, don haka baƙaƙen Larabci ba baƙi ba ne a wurinsu. In rubuta musu Hausar da ajami ke nan? Ni bokon ma kai ka koya mini a waya, har yau sai na tsaya tunani tsakanin ƙ da k. Ga alfarmar da nake nema: ku a can 'yan aji ɗaya da me ake fara musu? Matar yayanka ba a firamare take koyarwa ba?

Kafin in manta, Sani yana Bur Sudan, ya buɗe wurin cajin waya, ya yi tumbi. Ya ce in gaya maka agogon nan ya ɓace a yaƙi. Na ga agogon a hannunsa a hoton da ya sa ranar Juma'a. Mai shayinmu kuma an ce an gan ta a Kasala, ta kafa benci a kusa da tasha, har yanzu ba ta ba da bashi sai ga 'yan Najeriya. Wai Abdallah ya koma Khartum duba gidansu bayan sojoji sun karɓe ta a watan Maris na 2025, ya tarar ko wayar lantarkin bango an zare. Na ce ya leƙa mini ɗakinmu in ya sami hali, ko akwatin yana nan. Ban sa rai ba.

Zan tsaya haka, caji saura kaɗan, kuma sai na hau tudun bayan makabarta kafin saƙon ya tafi. In ka ga ya iso da tsakar dare kada ka kira, ba zai shiga ba. Ka gaida Hajiya, ka ce ɗanta na Sudan yana neman addu'a. Kuɗin ful ɗin nan kuma da kake ta lissafi, ka cire daga ladan yatsanka.

Naka,
Haruna