Zuwa ga ɗana, kan bakan Kaka

Ɗana,

Bayan gaisuwa, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna lafiya.

Kawunka ya ce ka ɗauki bakan Kaka ka tafi da shi Madarunfa, wai za ka gyara tsagar da ke bayansa. Ba ka tambaye ni ba, amma tunda ka ɗauka, yi aikin daidai. Bayan baka shi ke miƙewa in an ja, shi ya sa tsaga a nan ba abin wasa ba ce. Fara kwance tsirkiya, ka manne sartsen da ya ɗaga, ka ɗan kankare wurin. Samo busasshiyar jijiyar saniya, ka daddake ta har ta zama zare-zare, ka tsoma a gam ɗin da aka dafa daga fata, da ɗuminsa. Shimfiɗa ta bisa tsawon itacen, ba a gicciye ba, sannan ka naɗe kan tsagar. In babu jijiya zaren rama zai yi, sai dai ba ya tsukewa ya riƙe itace kamar ita. Kada ka sa ƙaro, farfashewa yake. Ka bar shi a inuwa makonni kafin ka ɗaura tsirkiya, kuma ka sani laimar damina tana sassauta gam.

Amma ba gyaran ne ya hana ni barci ba. An ce an gan ka da samarin da ke sintiri wajen Gabi, har kuna zancen shiga dajin Baban Rafi bin sawun shanun da aka kora. Da baka, ɗana? Ɓarayin shanun nan bisa babura suke, da bindigogi. Kafin ka zaro kibiya daga kwari sun gama da kai. Wa ya zuga ka? Kakanka zomo da gada ya harba da shi, bai taɓa nuna wa ɗan Adam ba. Kullum kana ƙorafin na hana ka bin maharba na tura ka makaranta. Na yi, kuma gobe ma zan yi. Ni na ɗauko Baffanka a amalanke, kai kana goye.

Na san zuciyarka ce ba ta son zalunci, kuma shanun ma na talakawa ne, abin da ciwo. Allah ya yi maka albarka. Ka zo gida kafin Juma'a mu zauna. Mahaifiyarka ba ta ji ba tukuna, kada ka bari ta ji a bakin mutane.

Mahaifinka,
Maraɗi