Karatu ya koma cikin waya, amma wa ke biyan marubuci?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda karatun littafi ke sauya kama a nan Tawa, tun daga lokacin da wayar hannu ta shiga aljihun kowa.

Masu cewa matasa sun daina karatu ba su duba da kyau ba. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani suna karatu fiye da yadda ake zato, sai dai abin da suke karantawa yana cikin waya, galibi littafin da wani ya ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar da shi PDF, har wani lokaci kana ganin yatsan mai ɗaukar hoton a gefen shafi, layukan kuma sun karkace. Duk da haka ɗalibin yakan ja rubutun da yatsu biyu ya faɗaɗa shi ya karanta, domin littafin takarda da za a kawo daga Yamai ko daga Faransa ya fi ƙarfin aljihunsa. Malaman zaure ma ba a bar su a baya ba, tunda manhaja irin su Maktaba Shamila ta tara musu littattafan fiƙihu da hadisi da tafsiri waɗanda a da sai mai hali ke iya jera su a ɗakinsa.

Inda abin ya fi sauyawa shi ne wajen littattafan hikaya na Hausa. A da daga Kano ake ɗauko su, su biyo ta Birnin Ƙonni, mata su saya ko su yi haya su mayar. Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 kaya sun tsaya, amma labaran ba su tsaya ba, domin tuni marubutan suka koma WhatsApp da Wattpad, inda suke sakin labari shafi-shafi. Marubuciya takan ba da farkon labarin kyauta, idan ya kama zuciyar mai karatu sai ta ce ragowar na kuɗi ne, ta ajiye lambar asusun banki a naira. Mai karatu a Tawa da ke riƙe da sefa sai ta nemi wakiliya da za ta tura wa kuɗin ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko na Amana, ko kuma, abin da ya fi yawa, ta jira wata ta saya ta watsa shi cikin rukuni. Ba na wanke wannan ɗabi'a, domin cin haƙƙin mai gumi ne, amma ina ganin da yawa daga cikin masu yin haka za su biya jaka guda ta sefa da daɗin rai da a ce hanyar biyan tana da sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon marubutanmu na Nijar. Kusan duk Hausar da ƴaƴanmu ke karantawa a waya daga ƙetare take zuwa, alhali tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa a ƙasar nan, an kuma wallafa littattafai masu kyau, cikinsu har da na maɗaba'ar Gashingo ta Yamai. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai dai yaron da ya buɗe wayarsa yana neman abin karantawa da Hausar Adar ko ta Damagaram da wuya ya samu.

Don haka ina kira ga maɗaba'unmu da su fitar da littattafansu ta waya a kan farashi mai rahusa, ƙananan fayiloli da ba sa cin data sosai, waɗanda za a iya biya da sefa ta hanyoyin tura kuɗi da mutane suka saba da su. Ina kuma roƙon hukumar kare haƙƙin mawallafa, wato BNDA, da ta zauna da marubuta ta bayyana musu yadda za su yi rajistar littafin da bai taɓa hawa takarda ba.

Na gode.

Wani malamin makaranta,
Tawa.