Ku daina cewa ko dabba ba ta yi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya nanata har sau uku a shirin daren Laraba, wai luwaɗi ba ya cikin halitta tunda "ko dabba ba ta yi", ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekara 31 na yi ina duba lafiyar dabbobi kafin in ajiye aiki, kuma har gobe ina turke ragunan layya ina kai su Kara. Na sha ganin rago yana hawan rago, ba kuwa don rashin tunkiya ba. Akwai wani balami da na saya da tsada domin barbara, ya shekara cikin tumaki bai ko shinshini ɗaya ba, raguna kawai yake bi, har na gaji na sayar da shi da asara. Duk makiyayin da ya daɗe da garke ya san wannan, kunya ce kurum ke hana shi faɗa.

Masu bincike a Amurka sun gano cewa kusan raguna 8 cikin 100 haka suke, an kuma ga irin wannan ɗabi'a a wurin birin bonobo na dazukan Kwango. A ɓangaren ɗan Adam kuwa, binciken da aka buga a 2019 kan mutane kusan rabin miliyan ya nuna gado yana da ɗan tasiri, amma babu wata ƙwayar halitta guda da za a ɗora wa alhakin abin.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne raunin hujjar baƙonku. Malamanmu sun ɗauko hukuncin luwaɗi ne daga nassi da ƙissar mutanen Annabi Luɗu, ba daga turken raguna ba, domin aikin dabba ba ya halatta abu, ba ya haramta shi. Me ya kai baƙonku jingina da hujjar da jikana zai rushe da wayar hannunsa cikin minti biyu? Yaron da ya kama babba da kuskure ɗaya, sauran maganarsa ma shakka zai yi. Ga malaman likitancin dabbobi nan birjik a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ku gayyaci ko ɗaya ba.

Sau huɗu na kira domin in yi gyara, da aka ɗauka kuma sai aka bar ni ina sauraron tallar maganin basir har kuɗin wayata ya ƙare.

Naku mai sauraro,
daga Mabera, Sakkwato.