Sao Tome: a fara toshe ramin dizal kafin a ƙara zuba kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan gajeren labarin da kuka buga a shafin tattalin arziki game da tallafin da bankunan raya ƙasa ke bai wa Sao Tome da Principe. Layi biyar ne ko shida: an faɗi sunan banki, an faɗi kuɗi, an wuce. Na san yawancin masu karatu ba su tsaya a kansa ba, domin ƙasar ba ta cika faɗowa a bakin mutane ba. Ni kuwa na tsaya, saboda na yi wata huɗu a can, kuma gani ya kori ji.

Sana'ata gyaran manyan janaretoci. Wani kamfani da na yi wa aiki a Legas ne ya tura ni can shekarun baya, in kula da injinan wani otal. Ƙasar tsibirai biyu ce a Tekun Gini, kudu da gaɓar Neja Delta, kuma duk jama'arta ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba, wato ba su kai mutanen ƙaramar hukumar Dala ta Kano ba. Amma ƙasa ƙasa ce. Dole ta riƙe asibiti da filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa da babban banki da kotu, kuma waɗannan 'yan tsirarun mutane ne za su ɗauki nauyin duka.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne jiran wani ƙarfen inji da muka yi oda daga waje. Na je bakin tashar Ana Chaves ina tsammanin in ga jirgi ya jingina da gaɓa kamar yadda na saba gani a Apapa. Sai aka nuna mini shi can nesa a tsakiyar ruwa, ya jefa anga. Ruwan tashar ba shi da zurfin da babban jirgi zai shigo. Sai a tura wasu faffaɗan jiragen dako su je gefensa, a sauke musu kwantena, a jawo su sannu a hankali zuwa gaɓa. Idan teku ta yi fushi, ranar babu aiki. Na zauna a kan wani dakali ina kallo, sai na gane cewa shinkafar da na ci da rana, da simintin ginin da ke bayana, da maganin da ke kantin tsallaken titi, duk ta wannan siririyar hanya suka shigo, kuma kowane ɗauki da saukewa an ɗora kuɗinsa a kan mai saye. An daɗe ana maganar gina tasha mai zurfi a Fernão Dias, an sa hannu a takardu ba sau ɗaya ba, har yau magana ce.

Na biyu kuwa matan da ke sayar da kifi ne, waɗanda ake kira palaye. Da hantsi masunta ke dawowa da kwale-kwalensu, matan su tare su a bakin yashi da robobi a ka. Akwai wata dattijuwa da nake sayen kifi a wajenta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, da yatsu muke ciniki. Wata rana da la'asar na tarar ta karya farashi ya koma kusan rabi. Da na nuna mamaki, sai ta ɗaga hannu ta nuna wayar lantarki da ke sama, ta girgiza kai. Babu wuta tun asuba, babu ƙanƙara, kifin da bai fita kafin magariba ba ya zama asara. Teku ta ba ta rabonta, rashin wuta ya ƙwace.

Wannan wayar da ta nuna ita ce gaba ɗayan abin da nake son faɗa, Malam Edita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na lantarkin ƙasar da dizal ake samar da shi, a janaretoci irin waɗanda nake gyarawa, sai dai sun fi girma. Kowace lita daga waje ake kawo ta, da kuɗin waje. Shekara da shekaru kamfanin ENCO, wanda Sonangol, kamfanin mai na gwamnatin Angola, ke da mafi yawan hannun jarinsa, shi ke kawo man, kuma a kan bashi. Kamfanin lantarkin gwamnati yana sayar da wuta ƙasa da abin da ya kashe wajen samar da ita, wani kaso mai yawa yana zurarewa a tsofaffin wayoyi ko a ja shi ba biya, don haka ba ya iya biyan kuɗin mai. Bashi ya hau bashi. Da Angola ta daina bayarwa a kan lamuni, sai ajiyar kuɗin waje ta ƙasar ta kusa ƙarewa, a 2023 aka shiga ƙarancin mai. Ga shi tun 2010 an ɗaure kuɗinsu, dobra, da yuro, yanzu dobra 24.5 a kan yuro ɗaya. Ɗaurin ya taimaka wajen rage hauhawar farashi, amma ba ya tsayawa sai da yuro a babban banki, yuron kuwa dizal ke shanye shi. Duk tallafin da aka kawo aka bar wannan rami a buɗe, ɗibar ruwa ne da rariya.

Abin baƙin cikin shi ne ƙasar ba matalauciyar ruwa ba ce. Duwatsu ne da dazuzzuka, koguna na gangarowa ta ko'ina, a kudancin tsibirin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Tun a shekarun 1960 Turawan Fotugal, waɗanda ke mulkin ƙasar a lokacin, suka kafa tashar lantarki ta ruwa a kogin Contador. A 2016 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 16 don farfaɗo da harkar lantarki, Bankin Zuba Jari na Turai ya ƙara nasa, kuma gyaran Contador na cikin manyan ayyukan da aka lissafa. Tasha ce ƙarama, ƙarfinta bai wuce 'yan megawat ba. Amma shekaru suka yi ta shuɗewa aikin na tafiyar hawainiya. A matsayina na mai gyaran inji, na san kowane wata da injin ruwa ya yi a kwance, wani tankin dizal ne aka ƙona a madadinsa, kuma wani bashi ne aka rubuta.

Ba na so in yi wa bankunan nan rashin adalci. A 2007 an yafe wa ƙasar babban kaso na bashin da ake bin ta a ƙarƙashin shirin yafiya ga ƙasashe matalauta masu tarin bashi. Kusan duk titi ko makaranta ko famfon da gwamnati ta gina, da kuɗin masu tallafi aka yi. Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a shirin PRIASA na gyara hanyoyin karkara da wuraren ajiye kifi da noman rani, ya kuma shiga aikin lantarkin hasken rana a Santo Amaro. Aikin da ya fi burge ni ma ba mai tsada ba ne. Asusun IFAD na bunƙasa noma ya taimaka wa ƙananan manoman koko, wanda ake yin cakulan da shi, suka haɗu a ƙungiyar CECAB, suna noma ba tare da maganin feshi ba, suna shanya shi da kyau, suna sayar wa wani kamfanin Faransa a farashi mai daraja. Ka tuna cewa a farkon ƙarni na 20 tsibiran nan ne kan gaba a duniya wajen fitar da koko, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Kef Bad da Mozambik cikin yanayin da bai da maraba da bauta. Na shiga ɗaya daga tsofaffin gandayen nan, na ga jikokinsu zaune a rusassun ɗakunan leburori, layin dogo ya nutse a ciyawa. Ganin irin waɗannan mutane sun mallaki gonarsu da ƙungiyarsu ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙorafina yana kan tsari da sauri. Banki yakan zo wa ƙasa mai mutum dubu ɗari biyu da irin takardun da yake kai wa Najeriya ko Masar: binciken farko, binciken muhalli, tallar kwangila, sake tallar kwangila idan ba wanda ya nema. Manyan 'yan kwangila kuwa ba sa ɗokin ɗauko kayan aikinsu su tsallaka teku saboda ƙaramin aiki, wanda ya zo ma sai ya tsawwala. A ma'aikatar da injiniyoyinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, mutum ɗaya ne zai amsa wa banki uku, kowanne da irin fom ɗinsa. Ga matasa masu ilimi suna ta ficewa zuwa Fotugal. Sannan akwai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: ana ba da kuɗin sayen inji, ba a ba da kuɗin riƙe shi. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe kamar gara. Na ga injin da bai shekara biyar ba an jingine shi saboda ƙaramin abin da babu shi a duk faɗin tsibirin, sai an yi oda an jira jirgi. Da za a ware wani kaso na kowane tallafi don kayan gyara da horar da makanikai 'yan ƙasa na shekara goma, da an ga bambanci.

A Disambar 2024 abubuwa biyu suka faru kusan a tare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ƙasar daga jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma ya amince da ba ta rancen kusan dala miliyan 24. Wato a wata guda an ce ta warke, an kuma ba ta gado a asibiti. Gaskiya ne yara suna zuwa makaranta, mace-macen jarirai sun ragu, kuma wannan abin yabo ne. Amma ruwan sama na kwana biyu a ƙarshen Disambar 2021 ya karya gadoji a yankin Lembá ya yanke garuruwa daga babban birni. Ƙasar da ambaliya ɗaya ke iya durƙusar da ita ba a auna lafiyarta da matsakaicin kuɗin shigar mutum. Tun 1985 Bankin Duniya ya yarda cewa ƙananan tsibirai na buƙatar sassauci na musamman. Ina roƙon kada wannan ƙarin matsayi ya zama dalilin mayar da kyauta rance. An riga an ɗora wa jama'a harajin sayen kaya na kashi 15 cikin 100 tun Yunin 2023. Dattijuwar nan mai kifi tana biyan nata. Haƙƙinta ne ta ga wuta.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da tsibirin da ake Fotugisanci? Da ruwanmu. A Fabrairun 2001 Najeriya da Sao Tome suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar haƙar mai a ruwan da ke tsakaninsu, mu kashi 60, su kashi 40, kuma hedikwatar hukumar haɗin gwiwar tana Abuja. Kamfanoni suka biya dala miliyan 123 na sa hannu a kan filin haƙar mai na farko, mutanen tsibirin suka sa rai cewa kakarsu ta yanke saƙa. Har yau ba a sami man da ya isa kasuwa ba. A Yulin 2003, Shugaba Fradique de Menezes yana Abuja sojoji suka yi masa juyin mulki, kuma Shugaba Obasanjo ne ya raka shi gida bayan mako guda. Mun shiga al'amarinsu lokacin da ake jin ƙanshin mai, bai kamata mu ɗauke kai da ƙanshin ya gushe ba. Najeriya ce mai hannun jari mafi girma a Bankin Raya Afirka. Ɗanta, Akinwumi Adesina, ya shugabance shi daga 2015 zuwa 2025. Tun 1976 muke da asusun amana na Najeriya a cikin bankin, wanda aka kafa da dala miliyan 80 domin ƙasashe marasa ƙarfi irin wannan. Muryarmu tana da nauyi a teburin da ake yanke shawara. Mu da muka san ƙarar janareta da warin hayaƙinsa fiye da kowa, mu ya kamata mu fara cewa a sa kuɗin a ruwa da hasken rana da sabbin wayoyi da mitoci, a bayar da shi kyauta, a kuma gaggauta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan labarin irin wannan tallafi ya sake zuwa teburinka, kada a tsaya a adadin da aka amince da shi. A tambayi nawa aka fitar, nawa ya isa wurin aiki. Wakilinku na Abuja ya leƙa ofishin hukumar haɗin gwiwar nan ya ji inda aka kwana. A kuma aika wa ofishin Bankin Duniya tambaya ɗaya a rubuce: megawat nawa tashar Contador ke bayarwa yau, kuma lita nawa ta dizal aka daina ƙonawa saboda ita?

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karatunku daga Sabon Gari, Zariya