Wasiƙa daga Damagaram: kada takardar gwaji ta ruɗe ka

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Yamai. Innarka na gaishe ka.

Na ga takardar gwajin da ka turo, kana murna wai kitsen jini bai hau ba. Madalla. Amma na ga hoton ranar suna ma, tumbi ya ɗaga babbar riga. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Likitoci abu biyar suke dubawa tare: faɗin ƙugu, hawan jini, sukari, kitsen da suke kira tirigiliserid, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Wanda ya tara uku ya kama hanyar ciwon sukari da na zuciya. Sai dai ma'aunin ba ɗaya ba ne ga kowace al'umma. A 2005 ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta sa iyakar ƙugun namiji Bature a santimita 94, na mutumen Indiya da na Sin a 90, don su ciwon kan kama su tun ba su yi wata ƙiba ba. Mu kuwa aron na Turawa aka ba mu, tunda ba a auna mu yadda ya kamata ba.

Ga inda nake so ka natsu. Baƙar fata sau da yawa tirigiliserid ɗinsa na ƙasa, ko da jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Takarda ta fito fes, ɓarna kuwa na tafiya a ɓoye. Mu ta hawan jini abin ya fi shigo mana, da wuri kuma, gishiri na iza shi, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Ka tuna kawunka na Birni da ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Ko ciwon kai bai taɓa yi mana kuka da shi ba.

Ka ari awon tela, ka zagaya ciki daidai cibiya, ban da haɗiye numfashi. Ka riƙa auna hawan jini. In ya tsaya a 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90), ka je likita, in an ba ka magani kada ka bari don ka ji sauƙi. Ka roƙi maiɗakinka ta rage dunƙulen Maggi a miya. Shayin fada, na fari da na biyu da na uku, duk sukari ne, ka san wannan. Masallacin unguwa ma ba sai da babur ba.

Ka turo mini awon ƙugun da na jinin kafin Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka