Rahoton Ayyukan Shekara: Horon Shugabanci ga Ma'aikatan da ke Kula da Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa mambobi.

Babban abin da muka sa a gaba bana shi ne horon shugabanci, kuma kun san dalili. Yawancinmu an ɗauke mu aiki ne a matsayin jami'an jin daɗin jama'a ko malaman makarantun musamman. Shekaru suka ja, ƙarin girma ya zo, sai mutum ya wayi gari an damƙa masa cibiya ko sashe guda, alhali ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake kare kasafin kuɗi ba. Akwai kwalejin horar da manyan ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Badagry, akwai cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare ta ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, amma gurbin zuwa can ba kasafai yake faɗowa kan ma'aikacin sashenmu ba. Shi ya sa muka ce mu fara da abin da ke hannunmu.

Bitar farko kan doka aka yi ta. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta sa wa masu nuna wariya tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Da aka tambayi wanda ya taɓa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, hannayen da suka tashi ba su da yawa, kuma nawa ba ya ciki. Yanzu kowane mahalarci yana da kwafi, an kuma koya mana yadda ake kafa hujja da sashen doka a takardar neman kuɗi, maimakon roƙo da sunan tausayi.

Amma bitar da ta fi tsaya mana a rai ita ce ta biyu. Mun gayyato Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da wakilan kurame, muka ba su kujerun gaba, mu muka koma na ɗalibai. Sun faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ana sayo kekunan guragu ba a auna mai hawa ba. Ana koyar da saƙa da haɗa sabulu shekara da shekaru, matasansu kuwa gyaran waya da kwamfuta suke so. Ana kiran su taro bayan an gama yanke shawara, don a ɗauki hoto. Wasu daga cikinmu ransu ya sosu, na ga haka a fuskoki, amma babu wanda ya iya ƙaryata ko ɗaya. Daga nan muka amince cewa duk shugaban cibiya da ke cikin ƙungiyar nan zai zauna da su kafin ya rubuta ƙiyasin kasafinsa.

Mun kuma yi kuskure, dole a rubuta shi. Zauren da muka kama yana hawa na sama, babu gangara, sai da aka ɗauki baƙinmu biyu a hannu. Tafintan maganar hannu kuma ɗaya muka tanada ga yini guda cur, har ya gaji. Laifin kwamitin shirye-shirye ne, ni ma ina ciki, mun kuma ba su haƙuri a rubuce.

Ranar 3 ga Disamba mun halarci bikin ranar masu nakasa ta duniya kamar yadda aka saba. Ziyarar da muka shirya kai wa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa a Abuja, wadda aka kafa a 2020, ba ta yiwu ba saboda tsadar mota.

Batun kuɗi Ma'aji zai yi bayani dalla-dalla, sai dai in ce kuɗin wata-wata ne ya ɗauki nauyin komai, kuma masu bashi sun san kansu. Baɗi muna son haɗa kowane sabon shugaban sashe da wani dattijo da ya yi ritaya ya riƙa duba shi, mu kuma buga takardun bita da rubutun makafi. Wanda ke son shiga kwamitin ya ba da sunansa kafin a tashi taro.

Sakataren Ƙungiya