Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya karɓi kuɗina ya kuma ƙwace wasan da na saya

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa, na fito da wannan magana bainar jama'a ne domin sau biyar ina aika imel zuwa sashenku na kula da masu saye, kuma duk amsar da ta dawo iri ɗaya ce, ko waƙafi bai canza ba. Hakan ya nuna mini babu wanda ya zauna ya karanta kokena. Ban ambaci sunanku a nan ba, amma lambar rasit ɗina tana kan kowane saƙo da na aiko muku.

Ni mai gyaran waya ne a Kano. Tun ina yaro nake son wasannin RPG, irin waɗanda mutum zai zaɓi jaruminsa ya rene shi tun ba shi da ko takobi, ya yi ta bin labari har awa saba'in ko ɗari. A da faifai muke saya. Ka miƙa kuɗi a miƙo maka kwali, in ka gama ka ara wa aboki ko ka sayar ka cika ka sayi wani.

Da kuka sanar da sabon wasanku, na biya dala 70 a shagonku na intanet tun kafin ya fito. Ina so ku san abin da dala 70 take nufi a wajena. Katin bankina na naira ya ƙi wucewa, sai da na sayi dala na zuba a katin intanet, na kuma biya la'ada a kai. Da na haɗa lissafi ya haura naira dubu ɗari, tarin wata biyu ke nan. Wasan ya fi gigabait 90, don haka dare huɗu na yi ina sauke shi da datar dare, janareto na ruri saboda babu wuta, ƙanena na zaune a gefena bisa tabarma yana faɗa mini kashi nawa ya rage duk bayan ɗan lokaci. Da asuba ta huɗu ya kammala. Mun buga kamar awa shida a kwana biyu.

A rana ta uku na kunna kwamfuta na tarar an rufe asusuna, wai ana zargin hanyar da na biya. Wasan ya ɓace. Na tuntuɓi masu katin, suka tabbatar mini kuɗin ya fita ya isa gare ku, babu wanda ya nemi a dawo da shi. Na aiko muku rasit, da takardar shige da fice ta katin, da hoton katin shaidata. Amsarku ita ce hukuncin ya riga ya zartu, kuma a sharuɗɗan da na amince da su an rubuta cewa lasisi na karɓa, wato izinin amfani da wasan kawai, kuna da ikon janye shi.

To, a kan maɓallin da na danna, kalmar saye ce rubuce. A kasuwar da na taso, in an ce an sayar, an sallama ke nan. Ba ni kaɗai nake ganin akwai rufa-rufa a nan ba. A shekarar 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa masu sayar da kayan intanet su fito fili su gaya wa mutum cewa lasisi yake biya wa, kuma a watan Oktoban wannan shekarar Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ya fara rubuta hakan a shafin biyan kuɗi. A naku shafin ban ga komai ba sai bayan da aikin gama ya gama.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne a makon da kuka rufe asusun. Kun fitar da sanarwa da manyan haruffa kuna godiya ga miliyoyin 'yan wasa. Tambayata: ina cikin wannan ƙidaya? In ina ciki, kun ƙirga ni a matsayin shaidar nasararku alhali kun hana ni shiga. Mu nawa ne haka? Mutum nawa ne aka mayar wa kuɗinsu amma har yanzu suna cikin lissafin?

Mu masu bin harkar nan mun daɗe da lura cewa adadi iri-iri ne ake jefo mana kamar abu ɗaya. Akwai abin da aka tura shaguna, wanda ƙila yana nan jibge a kan kanta. Akwai abin da mutane suka biya suka saya. Sannan akwai wannan kalma ta 'yan wasa, wadda za ta iya haɗawa da mai biyan kuɗin wata-wata da ya leƙa na minti goma, da wanda ya ɗanɗana gwajin kyauta ya tafi. A watan Janairun 2025 kamfanin wasanni na EA ya ce wasansa Dragon Age: The Veilguard ya samu 'yan wasa kusan miliyan 1.5, wajen rabin abin da ya yi tsammani, amma bai kira su masu saye ba. Irin wannan kalma kuka zaɓa ku ma. A Japan mujallar Famitsu tana buga ƙidayar faifan da aka sayar a shaguna duk mako, ana iya gwada maganar kamfani da ita. Cinikin da ke shagonku na intanet kuwa, littafin yana hannunku ku kaɗai.

Kuma yawan adadi ba ya nuna ingancin kaya. Wasan Cyberpunk 2077 ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, mutane sun riga sun biya kwafi miliyan 8 kafin fitowarsa. Mako guda bayan haka Sony ya cire shi daga shagon PlayStation saboda matsaloli, ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. Duk da haka, da kamfanin CD Projekt, wanda ya yi wasan, ya sanar da sayar da kwafi miliyan 13, ya bayyana cewa ya cire waɗanda aka dawo da su zuwa lokacin. Ashe dai ana iya faɗin adadi tare da bayanin yadda aka ƙirga shi.

Ina nanata wannan ne domin da waɗannan lambobi muke yanke shawara. A zaurenmu na WhatsApp, da zarar wani ya turo hoton sanarwa irin taku, sai ka ji ana cewa ai tunda miliyoyi sun saya babu fargaba. Abokaina biyu sun biya kuɗinsu bayan sun ga taku. Ni na fara yaba musu wasan, yanzu kullum suna tambayata ko su ma za a wayi gari an rufe nasu, kuma ba ni da amsar da zan ba su.

Abin da nake nema bai da yawa. Ku sa mutum, mai suna da muƙami, ya duba takardun da na aiko, ya gaya mini takamaiman laifin kuɗina. In babu laifi ku buɗe asusun. In ba ku son ciniki da masu biya daga Najeriya, ku rubuta haka a ƙofar shagon, ku dawo mini da dala 70 ɗina ta hanyar da ta zo muku. Sanarwarku ta gaba kuma ku faɗi kwafi nawa aka biya, nawa aka mayar, nawa kuka rufe.

Zan jira kwana goma sha huɗu daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai takarduna gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, in kuma nemi masu katin su bi mini kadin kuɗina.

Naku,
Wani mai saye daga Kano